Gansakuka Mai Dafi da Akwatin da Na Zo da Shi Daga Bakin Teku

Jiya da yamma, da kuka same ni a ƙofar gida ina goge ɗan akwatin nan, na ji ɗayanku yana cewa wannan ai ba aiki ba ne: ka ɗiga ruwa, ka danna maɓalli, na'ura ta faɗa maka amsa. Bai yi ƙarya duka ba. Maɓallin yana nan, kuma danna shi ake yi. Sai dai kafin yatsa ya kai kansa akwai tafiya mai nisa, ita nake so in ba ku labarinta tunda yau kun samu zama.

Sunana Isyaku, amma a nan Tudun Wada ba mai kirana da shi. Malam Mai-kwalba suke cewa, saboda tun ina saurayi ba a ganina a kan kekena sai da kwalabe suna ƙara a baya. Aikina gwajin ruwa ne. A cikin gwajin ruwan ma, abin da Allah ya haɗa ni da shi shi ne gansakuka, wannan koren abin da ke kwanciya a kan kududdufi da madatsar ruwa. Yawancinta ba ta da illa, kifi ma cinta yake yi. Amma akwai irin da ke ɗauke da dafi mai lalata hanta, ta dabba da ta mutum, kuma ko an tafasa ruwan dafin ba ya mutuwa.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaji shi ne wankin kwalba. Maigidana a wurin Malam Bitrus ne, mutumin kudancin Kaduna, gajere, mai ƙarancin magana. In na wanke na ɗauraye, sai ya ɗauki kwalbar ya ɗaga ta wajen taga ya juya ta a hankali. Idan ya ga ɗigon ruwa ya maƙale a jiki maimakon ya sulale, sai ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba. Na sake wankewa. Damina ta zo ta wuce ina wannan aiki. Ranar da na gaji na tambaye shi ko wanki aka ɗauke ni in koya, sai ya ce:

"Kwalba mai datti ƙarya take yi, Isyaku. Kuma da sunanka za a ji ƙaryar, ba da nata ba."

Bayan nan ne ya bar ni na sa ido a madubin da ake kallon ƙananan halittu. Ɗigo ɗaya ya ɗora a kan gilashi, daga wani kududdufi da ke bayan layin dogo, ruwan da ko jaki zai yi tunani kafin ya sha. Na sunkuya na duba, sai na ga gari guda. Akwai masu kama da carbi kore da aka tsinke aka bar shi yana lilo. Akwai masu kama da jinjirin wata. Wata tana juyawa a hankali kamar faifan da aka saki a kan ruwa, ba ta sauri, ba ta tsayawa. Haske yana shigowa ta ƙarƙashinsu, kowace tana ɗauke da nata koren, wani mai duhu kamar ganyen kuka, wani kamar sabon tohon gero. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba, sai da na ji wuyana ya riƙe. Malam Bitrus ya matsar da gilashin kaɗan ya nuna mini wasu ƙananan dunƙule-dunƙule da suka taru kamar ƙwan kwaɗi. Ya ce in riƙe fuskar waɗannan da kyau, don su ne za su hana ni barci a wannan sana'a.

Ɗibar ruwa ita ce rabin aikin, kuma ita ce ba a koya a cikin ɗaki. Bayan sallar Asuba muke fita, kafin iska ta tashi. A wannan lokaci madatsa takan kwanta luf, hayaƙin sanyi yana tashi daga kanta, kwale-kwalen masunci yana tafiya kamar ba ya taɓa ruwan. Gansakuka mai dafi tana da ɗabi'a: in ruwa ya natsu sai ta taso sama, iska kuma ta kora ta gefe guda. Saboda haka ba tsakiyar ruwa ake zuwa ba, inda ya fi kyan gani. Sai ka duba inda iska ta wuni tana turawa jiya, inda karan dawa da leda suka taru, nan za ka durƙusa. Kuma nan ɗin ne sau da yawa mashayar dabbobi take.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Akwai farin faranti ɗaure da igiya, ana sake shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna igiyar a san kaurin ruwan. Ina son wannan faranti. Kana kallonsa yana nitsewa, fari, sai ya koma kore-kore, sai ya zama kamar wata a bayan gajimare, sai babu. Akwai ɗan mataci na yadi mai laushi da muke ja a bayan kwale-kwale, da ruwan aidin da muke ɗigawa a kwalba don halittun su tsaya yadda suke har mu isa ɗakin gwaji. Masu zuwa wurinmu kuwa su ne masu kiwon tarwaɗa na unguwannin Hanwa da Kwangila, da masu lambu, da masu gidan ruwan leda, sai makiyaya idan abu ya ɓaci.

Abu ya ɓaci a shekarar da damina ta yi jinkiri. Bazara ta yi tsawo, hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Wata madatsa da ke gabas da gari ta janye har tsofaffin kututtura suka fito. Wata safiya wani dattijon makiyayi, Arɗo Buba, ya iso ɗakin gwaji da gora cike da ruwa. Ya ce maruƙansa biyu sun sha da safe, kafin Azahar sun kwanta ba su tashi ba. Muka bi shi. Tun daga nesa muka ji wari kamar na ciyawar da ta ruɓe a rumbu. Bakin ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti, inda ya bushe a kan laka ya koma shuɗi-shuɗi. Fararen shanunsa suna tsaye a ƙarƙashin gawo, suna kallon ruwan, 'ya'yansa suna tare su da sanduna.

Muka koma muka duba a madubi, sai ga masu kama da ƙwan kwaɗin nan sun cika gilashi. To, a nan gizo ke saƙar. Wannan irin mun sha ganinta a madatsar a shekarun baya, shanu suna sha ba abin da ya same su. Mai dafi da marar dafi kamarsu ɗaya a ido, kamar tagwaye. Madubi ba ya iya raba su. Abin da ke raba su wani babban ɗakin gwaji ne a wani gari mai nisa, sai an aika ruwan an jira. Maruƙan kuma ba wanda zai rantse cewa ruwan ne ya kashe su, don a wannan shekara yunwa da cuta ma suna kashe dabbobi.

Arɗo Buba ya dawo washegari. Ruwa na gaba da zai iya kai shanunsa yana da nisa, hanyar kuma ta ratsa lambunan mutane, ga shanun sun rame. In ya tashi, wasu za su faɗi a hanya, kuma ana iya samun rigima da masu lambu. In ya zauna, ga abin da ke gabansa. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗora sandarsa a kan gwiwa, ya ce:

"Malam, ni ba karatu na zo nema ba. In tashi ko in zauna?"

Malam Bitrus ya fito bakin ƙofar ya same shi. Sannan ya ce, "Arɗo, da shanuna ne, da na tashi. Amma in ce maka na tabbata, ban tabbata ba."

Arɗo ya raba garken biyu. Masu ƙarfi ya tura su da manyan 'ya'yansa, raunana da masu shayarwa ya bar su a bakin madatsa, ana share koren da reshe kafin su sha. Yawancin waɗanda suka zauna ba su ga damina ba. Masuntan wurin ma sun kwashe matattun karfasa har suka gaji suka bari. Amsar da muka aika nema ta iso bayan ruwan farko ya sauka ya wanke madatsar tas. Ta ce akwai dafi, mai yawa. Ba a daɗe ba Malam Bitrus ya yi ritaya ya koma garinsu, ya bar mini madubin da farantin.

Na ci gaba da aikin a haka shekaru masu yawa, ina cewa mutane "ina zato" da "wataƙila". Sai da furfura ta fara fito mini aka tura ni wani horo a bakin teku, can kudu. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Mutumin da ya saba da ruwan da ake hango ƙarshensa, in ya tsaya a gaban wannan, sai ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ruwan yana zuwa yana komawa kamar numfashin wata babbar dabba mai barci. Iskar tana da gishiri, tana manne wa fata. Na ɗebo da hannu na kai baki, abokan tafiyata suka yi ta dariya.

Mai koyar da mu wata mace ce, 'yar masunta ce ta wurin, kowa Dakta yake ce mata. Ta fitar da mu a jirgin ruwa mai inji, ta nuna mana wani dogon zane ja-ja a kan teku, kamar an jawo rinannen mayafi a bayan jirgi. Ta ce wannan ita ce tasu gansakukar. Akwai wasu halittun ruwa masu ɓawo, dangin dodon koɗi, da ke tace ruwa su ci abin da ke ciki. Su dafin ba ya kashe su, tara shi suke yi. Mutum ya saya ya dafa ya ci, sai leɓensa ya mutu, daga nan numfashi ya gagara. Ta ce kafin teku ta yi ja, dafin ya riga ya shiga kasuwa, shi ya sa jiran ido ba shi da amfani.

A cikin jirgin ta buɗe irin wannan akwati. Ta ce kowace halitta tana ɗauke da rubutu a cikin ƙwayar halittarta, abin da kuke ji ana kira DNA. Gansakuka mai dafi da marar dafi kamar littafi biyu ne masu bango iri ɗaya, amma ɗaya yana da wani layi da ɗayan ba shi da shi, layin da ke koya mata haɗa dafi. Na'urar wannan layin kaɗai take nema. In yana nan, ko da halittun ba su kai yawan da ido zai gani ba, za ta nuna. Na gaya mata mu ba mu da teku, kududdufi gare mu da madatsa. Ta ce akwatin ɗaya ne, ruwan maganin ne ya bambanta, akwai wanda aka haɗa don irin tamu. Na zauna a bakin jirgin ina riƙe da 'yar kwalbar da ba ta kai ƙwallon dabino ba, teku tana ɗaga mu tana saukewa, ina kallon launin cikinta yana sauyawa tun ba mu koma gaɓa ba.

Yadda ake yi ke nan. Ka zuƙo ruwa da sirinji, ka tura shi ta wani ɗan mataci mai faɗin kwabo, halittun su maƙale. Ka ɗiga maganin da ke fasa su, ka ɗebi kaɗan ka sa a 'yar kwalbar, ka rufe a akwati ya ɗumama ta. Ruwan ciki ruwan hoda ne. In layin dafin yana nan, sai ya koma rawaya. Kafin ka yi alwala ka yi salla ka sha ruwa, amsa ta fito. Amma kullum sai ka haɗa da kwalba guda ta ruwa mai tsabta a matsayin shaida. Idan ita ma ta sauya launi, to hannunka ne ya kai datti, sai ka zubar da komai ka sake. Maganin kuma ba ya son zafi. A garin nan da wuta ke zuwa in ta ga dama, na zama abokin cinikin matan da ke sayar da ƙanƙarar zoɓo, kullum kular ƙanƙarata tana ɗaure a bayan babur. Sannan na'urar ba ta san inda iska ta kwana ba. In ka ɗebo ruwa a inda babu komai, za ta ce maka babu komai, kuma gaskiya ta faɗa.

Aikin da ya fi zauna mini a rai da wannan akwati na Hajiya Asabe ne, tsohuwar malamar makaranta a Hanwa, wadda ta zuba abin da ta samu na ritaya a kiwon tarwaɗa. Cikin bazara ta aiko a kira ni. Ruwan kifinta ya yi kore, ga kifin ya isa sayarwa, Salla ta matso. Da na isa na tarar ta riga ta ɗauko injin ban ruwa da ma'aikata, sun shimfiɗa tiyo har zuwa wani kududdufi da ke bayan unguwar, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini. Niyyarta ta zubar da koren ruwan ta cika da na kududdufin, wanda yake garau har ana ganin ƙasansa. Ni ta kira ne kawai in tabbatar mata cewa kifin bai riga ya cutu ba.

Na roƙe ta kada a tayar da injin tukuna. Na ɗebi ruwan kifin, sannan na bi tiyon da ƙafa har bakin kududdufin. Na zaga ta gefen da iska ke turawa, na durƙusa. Ruwan yana da kyau. Amma da na karkata kai rana ta haska shi, sai na ga wasu ɗigo-ɗigo suna rataye a ciki, kamar an barbaɗa garin kuka da ɗan yatsa. Na ɗeba. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaron gidanta, na jera kwalabe uku a akwati: ta kifi, ta kududdufi, da shaida. Ma'aikatan suna zaune a kan injin suna jira. Da na buɗe, ta kifi tana nan ruwan hoda, shaida ma haka. Ta kududdufi ta koma rawaya. Na sauya safar hannu na sake daga farko, amsar ba ta sauya ba.

Hajiya ta gyara tabarau ta duba kwalaben, ta dubi ruwan kifinta. Ta ce, "Malam Isyaku, ido ma ai shaida ne. Wannan kore shar ka ce lafiya lau, wancan da nake ganin ƙasansa ka ce guba?"

Na ce, "Hajiya, koren naki abincin kifi ne, ya yi yawa ne kawai. Ki rage abinci, ki ƙara da ruwan burtsatse. Wancan ban ce yau zai kashe ba. Amma irin yana ciki, kuma zafin nan shi yake jira. In ya shiga wurin kifinki, kashin kifi taki zai zame masa, ya yaɗu."

Ta bi tiyon da kallo. Sannan ta ce wa ma'aikatan su naɗe shi.

Saura kududdufin kansa. Mata suna wanki a wurin, yara suna iyo, awakin unguwa suna sha, 'yan garuwa ma suna ɗiba in famfo ya ɗauke. Hajiya ta raka ni wurin mai unguwa, Malam Tanimu. Ya saurare mu da kyau, amma ya ce hana mutane ruwan da suke gani garau a tsakiyar bazara ba ƙaramin abu ba ne. Wani da ke zaune a wurin ya kawo shawarar a zuba magani a kashe abin gaba ɗaya. Na ce kada a yi, don in halittun suka mutu lokaci guda fashewa suke yi, dafin ya fita cikin ruwa. Abin da ake bukata shi ne a nisanci wurin har ruwan sama ya sauka. A ƙarshe mai unguwa ya yarda, ya ce a kan maganar Hajiya ya yarda, don ta koyar da 'ya'yansa kuma bai taɓa jin ta faɗi abin da ba ta auna ba. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Azahar. Aka kewaye mashigar da ƙaya. Wani mai buga bulo da ke da burtsatse ya buɗe famfonsa safe da yamma.

Kwanaki suka yi ta wucewa ruwan yana nan garau. Mutane suka fara gunaguni. In na wuce a kan babur ina jin ana cewa ga tsohon da akwatinsa ya hana mu ruwa. Wata mata ta tare ni ta nuna mini hannayenta da suka yi kanta saboda ɗaukar bokiti daga gidan bulo. Ina komawa ina gwadawa, rawayar tana fitowa da wuri fiye da da.

Sai wata safiya mai zafi, wadda ko ganye ba ya motsi, Malam Tanimu ya aiko in zo. Na same shi tsaye a bayan ƙayar, hannayensa a baya. Kududdufin ya rufe ruf, kore mai kauri daga wannan baki zuwa wancan, gefensa ya fara shuɗi, ga warin nan na ruɓaɓɓiyar ciyawa. Wani mazari ya sauko zai taɓa ruwan, ya fasa, ya yi sama. Muka daɗe a tsaye. Mata suna wucewa ta bayanmu da bokitai, suna dubawa, suna ci gaba zuwa gidan bulo. Mai unguwa ya ce ya sa an zaga gida-gida, ko ɗan akuya ba a rasa ba, ba kuma yaron da ya kwanta.

Daga nan na biya ta gidan Hajiya Asabe. Na tarar da ita a bakin ruwan kifinta da kwano a hannu. Ba ta tambaye ni abin da na gani ba, labari ya riga ni isowa. Ta ɗebi abinci ta watsa, ruwan ya tafasa da baƙaƙen bayan tarwaɗa, suna tsalle suna bugun juna da jela har ruwa ya fantsamo mana a ƙafa.

Ta ce, "Jibi masu saye za su zo. Ka turo a karɓar wa iyali na miya."